Burtalin Malam Isyaku da Waya Mai Ƙaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka. Dagaci, Allah ya ƙara lafiya. Allah gafarta Malam Liman. Arɗo da jama'arka da kuka taso daga ruga, sannunku da hanya. Masu unguwanni, dattawa, Furera matar marigayi da kike jin mu daga bayan zana, Tasi'u ɗansa da ƙannenka, assalamu alaikum.

Ni Ado aka ce in yi magana a sadakar arba'in ɗin Malam Isyaku, don gonata na jingine da tasa tun muna samari. Wataƙila kuma don an san bakina bai iya yabon banza ba.

Ya kasance mai yawan labari, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Lokacin yaƙin duniya ya tafi Kano cin rani, ya samu aikin yankan ciyawa a filin jirgin sama, inda sojojin Amirka suka sauka. Ya dawo mana da tsohon takalmi da labarai buhu guda. Wai a can Amirka jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Wai suna da rana guda a shekara da kowane gida ke yanka talo-talo don godiya ga Allah. Na ce masa, "Isyaku, layyar talo-talo? Ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Wilas ne ya gaya mini." Wilas ɗin nan wani soja ne baƙi wuluk kamarmu, makaniken mota, wanda ba ya jin kowane yare sai Turanci. Na ce, "To da wane bakin kuka yi wannan doguwar hira?" Ya ce, "Rabi da Turanci, rabi da hannu." Har gobe ban yarda da rabin hannun nan ba, Allah ya yafe mana mu duka.

Amma akwai labari ɗaya da ba ya dariya in zai ba da shi. Kakan Wilas bawa ne, da aka 'yanta su ya zama makiyayi a kan doki. Sukan kora shanu dubbai wata da watanni a fili fetal, ba shinge ba iyaka. Sai wani ya ƙago waya mai ƙaya. Masu ƙarfi suka zagaye makiyaya da mashaya, maƙwabta suka fara harbin juna a kan ruwa. Wata shekara aka yi sanyin da ba a taɓa gani ba, ƙanƙara ta rufe ciyawa. Shanu suka nufi kudu kamar yadda suka saba, suka tarar da waya a gabansu. Nan suka taru, na baya na danna na gaba, har suka mutu a tsaye. Isyaku yakan ce, "Ado, ba sanyi ne ya kashe su ba."

Ya kasance mai kafiya. Kun tuna shekarun da gyaɗa ta yi daraja, kowa ya shiga gutsurar burtali, hanyar shanun da kakanninmu suka bari, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu, har ta kai saniya mai ciki ba ta iya wucewa. Gefen Isyaku bai motsa ba. Yau burtalin da ya rage mai kai shanu tafki shi ne wanda ya bi ta gefen gonarsa. Aka yi ta tsegumi wai Fulani na kawo masa man shanu a ɓoye. Ni ne maƙwabcinsa, kuma kun san idona ba ya barci a kan abin mutane. Abin da na gani yana shiga gonar nan kashin shanu ne kawai.

Ya kasance duk kaka, in an kwashe amfani, shi da hannunsa yake janye ƙayar da ke bakin gona, ya aika wa Arɗo. Shanu su ci kara, su bar masa taki. Bai taɓa aiken yaro wannan aikin ba, ko bara da ciwo ya fara cin ƙafarsa.

To, yanzu sai godiya, kuma akwai wadda ta yi mini nauyi a baki. Alhaji Badaru mai awon gyaɗa, mun ga rago, mun ga buhun shinkafa, Allah ya saka da alheri. Mamaki kawai nake, don duk jinyar da Isyaku ya yi ban ga jakinka a ƙofar gidan nan ba, amma tun ranar uku ba ka yi fashin zuwa ba, kuma kullum Tasi'u kake ja gefe. Shekaranjiya mota ta sauke kaya a gindin tsamiyar bakin tafki, aka lulluɓe da tamfol. Na tambayi direba, "Ɗan nan, me aka kawo mana?" Ya ce, "Igiya ce, Baba." Na ce, "Wace irin igiya ce ke huda tamfol?" Ya ja motarsa. Ban ce kowa ya yi laifi ba, ranka ya daɗe. Cewa na yi na ga ƙaya, kuma ba a jikin bishiya ta tsiro ba.

Furera, ke kika san daren da ya yi ta juyi saboda tunanin burtalin nan. Kada kunyar baƙo ta hana ki magana a gidanki.

Tasi'u, gona taka ce yanzu, ba mai ƙwace maka ita. Za a ce maka jinginar gefen gonar ce kawai ta shekara biyu, za a ce shingen wayar don kare gyaɗa ne. Amma in aka rufe gefen nan, shanun Arɗo ba su da hanyar ruwa sai ta cikin gonakinmu, kuma ka san abin da ke biyo baya in sanda ta haɗu da fartanya. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba. An gama girbi tuni. Shanun na tsaye a bakin burtali, Arɗo ya hana su shiga gonar cin kara don girmama makoki. Gobe in rana ta fito zan zo bakin gonar in tsaya. In ka janye ƙayar, alhamdu lillahi. In ba ka janye ba, ni zan je in ce wa Arɗo ya juya, kuma ranar ce zan san Isyaku ya mutu.

Mun gode wa duk wanda ya tako, na nesa da na kusa. Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya yalwata kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa dabbobi hanya. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raba su da mai zuwa da fuska biyu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Malam Liman, a yi mana Fatiha.