Taurarin Waya da Jarrabawar Auta

Shugaban wannan taro, shugabar makarantarmu, malamanmu masu daraja, iyayenmu da suka baro ayyukansu suka zo, yayyena da ƙannena ɗalibai, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni damar magana. Ban saba tsayawa gaban jama'a ba, saboda haka zan taƙaita.

Da farko, ya kamata iyayenmu su san cewa an yi sabon yare a makarantar nan, kuma daga waya aka kwaso shi. An raba watannin shekara ga taurari, an liƙa wa kowa suna bisa ranar haihuwarsa: wannan Kifi, wancan Zaki, waccan Kunama, wani kuma Tagwaye. Idan yarinya ta yi kuka, sai a ce kifanci ne ya motsa. Idan yaro ya cika baki, zakanci yake yi. Wanda ya ci amanarka bai yi laifi ba, tagwayanci ne, wai mutum biyu ne a jikinsa. Har malalaci ya samu lauya. Kwanan baya wani ɗan ajinmu ya gaya wa malamin lissafi cewa bai yi aikin gida ba domin tauraronsa ya ja da baya. Malam ya ce ya fita waje ya jira tauraron ya dawo.

Na biyu, ku dubi malaman wannan ilimi. Wadda ba ta iya jera duniyoyin da ke kewaya rana ba, ita ce ke karanto mana halinmu daga sama. Za ta samo hoton mage tana harara, ta rubuta cewa haka Kunama take idan an ari bironta, a tura, a yi dariya, a sake turawa. Wannan shi ne binciken, wannan ita ce hujjar.

Na uku, shi ne ya tsayar da ni a nan. Ina da 'yar baffa, muna kiranta Auta, tana ɓangaren kimiyya, ni ina adabi. An ce ita Kunama ce, mai riƙo, mai harbi ta baya. An ɗauki hotonta tana hamma, an zana mata ƙarin kunama, an yaɗa. Mako mai zuwa suna da jarrabawa a ɗakin gwaji, kuma bibbiyu ake yi: ɗaya tana ɗiga ruwan gwajin, ɗaya tana lura da canjin launi. Wadda ba ta da abokiyar aiki ba ta da maki. An bar su su zaɓi juna, kowa ya zaɓa, aka bar Auta. Ƙawarta, wadda suke cin abinci a kwano ɗaya tun aji ɗaya, ta ce mata, “Ba ƙinki nake yi ba, Auta, taurarinmu ne ba su haɗu ba.”

Abin takaici, ranar da suke dubawa ba ranar haihuwarta ba ce. Baffa ne ya ƙiyasta ta lokacin da ya kai ta makaranta, domin ya manta, kuma mahaifiyarta ta ce ya yi kuskuren watanni. Ashe mantuwar Baffa suke ta karantawa, suna kaɗa kai, suna cewa wallahi halinta ne sak. Yara nawa ne a ɗakin nan da aka ƙiyasta musu ranar haihuwa haka? Ku tambayi iyayenmu, ga su zaune.

Shugaba, roƙona ɗaya ne: malamar kimiyya ta haɗa 'yan ajin su Auta bibbiyu da kanta, kada a bar wa hoton mage wannan aiki. Auta ba ta zo yau ba, ta ce ko jarrabawar ba za ta shiga ba. Idan na koma gida za ta tambaye ni abin da aka yanke, kuma ina so in samu abin gaya mata.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya raba mu da wulaƙanta juna da sunan wasa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.