Namijin Tsuntsun da Ya Kwanta Kan Ƙwai a Sifawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu saurare. Ni ce Malama Hassi daga Sifawa, ƙasar Bodinga.

Maigidana yana da sha'awar kiwon tsuntsaye. Bara ya sa aka kawo mishi wasu manya guda biyu daga ƙasar waje, mace da namiji. Emu ake ce musu, kamar jimina suke amma ba su kai ta girma ba. Da sanyi ya shigo macen ta saka ƙwai manya, koraye masu duhu. Sai ta yi tafiyarta, namijin ya kwanta a kansu.

Mai gabatarwa, tsuntsun nan ya daina cin abinci. Na kai mishi gero da dusa har gabansa, ko kallo bai yi ba. Ina gani yana ramewa, na ce, "Malam, mu kwashe ƙwan ga mu sa cikin injin ƙyanƙyasa, kar ya mutu mu yi biyu babu."

Ya ce, "Hassi, ƙyale shi. Wanda ya halicce shi ya san abin da ya aza mishi."

Kusan wata biyu yana kwance. Wata safiya ina shara sai na ga ya miƙe yana tangaɗi, 'yan tsaki masu zane-zane suna fitowa daga ƙarƙashinsa. Na saki tsintsiya ina tasbihi, har hawaye na yi.

Yanzu ba ya barin kowa ya matso, uwar ma korar ta yake yi. Masu sani, ku ba mu shawara: mu raba su, ko mu bar mishi 'ya'yansa tunda shi ya sha wahalarsu?

Ina gaida yayata Hajiya Luba da ke Lambara.