Na'urar da Mama Ta Adana a Akwatin Ƙarfe

Barka da yamma, mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Rifkatu daga Kafanchan.

Matar ƙanena Bulus ta haihu a Legas, Baba kuwa ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ko falo ba ya iya zuwa. Burinsa ya ga jikansa ko a waya ne. Rautarmu mai ba mu intanet tana falo, wayfai ɗinta ba ya kaiwa ɗakinsa, sai na sayo ƙaramar na'urar da ke ƙara masa nisa, na jona a baranda. Na gwada ta yi aiki, na ce lallai digirina bai tafi a banza ba.

Ranar suna Bulus ya kira, hoto ya ƙi fitowa. Ga Baba zaune bakin gado da babbar riga, yana kallon baƙin gilashin waya. Na leƙa baranda, babu na'ura.

"Mama, ina abin da na jona nan?"

"Na adana miki. Abu mai tsada haka a waje, kaji na hawa?"

Tana cikin akwatin ƙarfe, naɗe da zanen zumuntar mata, kusa da takardar aurensu.

Ina mayar da ita, sai ga jariri a waya yana hamma. Baba ya ce, "Kai! Hancina ne wannan!"

Yanzu Mama ta yarda na'urar ta zauna a baranda, amma ta saƙa mata hula saboda sanyin damina. Masu gyaran na'urori, ku ba ni shawara: hular za ta cutar da ita? Ni dai ba zan cire ba, ina son cin tuwo a gidan nan.