Direban Madam Gyaɗa

Babur ɗina na sayar na yi kuɗin jirgi, kun dai san wannan. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne yadda bakina ya kusa koro ni gida tun ban shekara a Doha ba.

Aikin tuƙi na samu wajen wata injiniya 'yar Italiya. Ranar farko aka miƙo mini takarda da sunanta, Giada. Ni kuwa Bakano, ina gani na karanta Gyaɗa. Ashe su Jada suke faɗa. Haka na sa a wayata, Madam Gyaɗa. Ɗakinmu na unguwar Mansura mu shida ne, duk Hausawa, kuma ba mai raga wa wani. Da na shigo sai a ce, "Direban Gyaɗa, yau soyayya ce ko dafaffiya?" Ni ma in taya su dariya.

Saura mako guda ta sa hannu a sabunta mini kwantiragi, wayata ta ɓata a mota. Ta kira da tata, sai ga wayar a ƙarƙashin kujerarta, sunan ya fito ɓaro-ɓaro a fuskar wayar. Ta ɗauka ta duba.

"Salisu, mene ne wannan?"

Na so in yi ƙarya, na kasa. Da guntun Turancina na ce sunanta ne na juya, abin ci ne a wajenmu, wanda ake ɓarewa.

Ta miƙo mini wayar, na ci gaba da tuƙi har muka wuce unguwar Bin Omran. A raina na ce shi ke nan, khalas, sai haɗa kaya.

Can ta ce, "Giada sunan wani koren dutse ne. Mutanen dā suna ɗaura shi a kwiɓi don ciwon ƙoda, sunan ma daga kalmar kwiɓi ya samo asali. Babana yana kwance da wannan ciwon aka haife ni, shi ya zaɓa mini. Kafin in fara tafiya ya rasu."

Wallahi kunya ta kama ni har wuya. Mu mun san Allah ke warkarwa, amma mutum ya raɗa wa 'yarsa fatan samun lafiyarsa, ni kuma na mai da shi abin shaƙiyanci a ɗakin gwauraye.

Na ba ta haƙuri. Na ce a wajenmu gyaɗa ba abin raini ba ce. Ni ma maraya ne, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna ta raine mu, mu biyar.

"Tana da rai?"

"Tana nan, har yanzu ba ta yarda a taya ta suya."

Muna isa ofis ta sa hannu a takardar. Shekara huɗu na ƙara ina tuƙa ta kafin in dawo gida. A ranar da ta sa hannun dai na ciro wayar zan gyara sunan a gabanta, ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi," in ji ta. "Na babana bai warkar da kowa ba. Na innarka ya raini mutum biyar."