Babbar Rigar Baba da Masu Bincike

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Maitumbi.

Mahaifina yana fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma ni kaɗai nake jinyarsa. Kwanaki wasu ɗalibai suka aiko cewa za su zo binciken yadda ake kula da tsofaffi a gida. Da Baba ya ji, sai ya ce, "Hajara, baƙi ba za su same ni haka ba." Na yi masa wanka, na ɓoye katifar da fitsari ya cinye, na aro kujera a maƙwabta, na sa masa babbar rigarsa ta sallah. Har kunu na dama musu.

Da suka zo, suka tambaye shi abin da yake buƙata, ya ce, "Alhamdulillahi." Shugabarsu ta ce, "Ai nan ba matsala, mu je gida na gaba."

Malam, wallahi na gaji, bayana ya ƙage saboda ɗaga shi. Ɗaliban sun ce za su dawo. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in fito da katifar su gani, ko in ci gaba da rufa wa Baba asiri?