Kwanon Hajja Kaltuma

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Zainabu ce daga Ambassatna.

Likita ya hana Innata gishiri saboda hawan jini, na koma dafa mata zogale da kifi. Maƙwabciyarmu Hajja Kaltuma takan kawo mata miya mai gishiri a ɓoye, har Allah ya yi wa Hajja rasuwa watan jiya.

Shekaranjiya da azahar na tarar da kwanon Hajja a gaban Inna, miya na tururi.

Na ce, "Inna, wa ya kawo?"

Ta ce, "Kaltuma mana. Ba ku haɗu a zaure ba?"

Ni kuwa da hannuna na kulle ƙofar gidan. Jinin Inna ya sake hawa, ta ƙi abincina, wai Kaltuma take jira. Jama'a, yaya zan yi?