Haƙuri a Gaban Aji

Malam Sahabi, malamin lissafi, yana jiran mota a Gidan Igwai, wani dattijon mahauci ya dube shi.

"Malam, lafiya ka yi zugum haka?"

"Daga wurin hukumar makarantarmu nike, Baba. Na kama ɗan mai makaranta shina satar amsa, sai sunka dakatar da ni."

"Subhanallahi! Yanzu fa?"

"Mun sasanta. Gobe zan koma aiki, amma sai na ba yaron haƙuri a gaban aji."

"Ka ƙi mana!"

"Ina da iyali, Baba." Ya shafa fuska a gajiye. "Ba haƙurin ke damuna ba. Sauran yaran za su zamna suna kallona, kuma ni na koya musu cewa sata haramun ta."